Yadda Ake Zaɓen Salansa ga Mota Mai Kwamfaresa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta ratsa Ɗambatta ta nufi Kazaure da Daura, ko kuwa wadda ta bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa har Katsina, ya lura cewa motocin da a da sai a Nasarawa da Bompai ake ganinsu yanzu sun shigo karkara, gama ɗan ƙauyen da Allah ya buɗa masa a cinikin hatsi ko riɗi ko dabbobi ba ya rasa sha'awar abin hawa mai lafiyar gudu. Cikin waɗanda suka fi faɗawa hannun matasa kuwa har da Marsandin nan 'yar Kwatano, ƙirar C, wadda aka rubuta Kompressor a bayanta, sai kuma jefi-jefi a ga Range Rover mai rubutun Supercharged a ƙofar gidan wani attajiri ko basarake. Irin waɗannan motoci ne wannan bayani ya shafa, mas'alar kuwa ita ce ta salansa, domin galibi ita ce abu na farko da saurayi yake ɗokin sauyawa idan mota ta shigo hannunsa, kuma ita ce aka fi yi wa zaɓen kunne, alhali kuwa abin da ya dace a zaɓe ta da shi awo ne, da lissafi, da duban ƙasar da za a riƙa tuƙa motar a cikinta.

Kafin a kwance noti ko da ɗaya, wajibi ne mai mota ya san irin injin da ke hannunsa. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma idan ana so ya ƙone ƙurmus, kowane awo 1 na fetur yana bukatar awo 14.7 na iska bisa nauyi. Saboda haka ƙarfin inji ya rataya ne ga yawan iskar da yake iya shaƙa, ba ga yawan man da aka ɗura masa ba. Kwamfaresar da muke zance, wadda ba ita ce mai sanyaya cikin mota ba, aikinta aikin zugazugin maƙera ne, watau ta tura wa wuta iskar da ba za ta iya jawowa da kanta ba, kuma asalinta ma daga can ne, domin wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistar irinta a shekarar 1860, aka riƙa zuga wutar narka ƙarfe da ita, sa'an nan a 1921 kamfanin Daimler ya nuna motocin Mercedes masu ɗauke da ita a bajekolin Balin. Wadda ke cikin Marsandin da muke sayowa jikanyar waccan ce, ƙirar kamfanin Eaton, kuma bel ne yake juya ta daga jikin injin. A nan ta rabu da tabo, wanda Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, gama shi tabo hayaƙin da ke fita ne yake juya shi, don haka hukuncin salansarsa dabam ne. Mai saye ya kula, Marsandin da aka rubuta CGI a bayanta, wadda ta maye gurbin Kompressor daga wajen shekarar 2010, tabo gare ta, shawarar da ke nan ba duka ce ta hau kanta ba.

Abin da ya shiga da yawa, lalle ya fita da yawa. Idan kwamfaresa ta ƙara matsin da ya kai rabin na iskar sarari, injin lita 1.8 zai riƙa shaƙar abin da ya yi kusa da na injin lita 2.7, ya kuma fitar da hayaƙi gwargwadon haka, mai zafi ƙwarai. Idan ƙofar fita ta ƙuntata, sai fistin ya ɓata wani kaso na ƙarfinsa wajen tura hayaƙi, ragowar hayaƙin da bai fita ba ya gauraya da sabuwar iska ya ƙara mata zafi, kwamfaresar kuma, wadda da ma daga ƙarfin injin take ci, ta ƙara wahala. Wannan ne dalili na gaskiya da ya sa ake gyara salansar irin wannan mota. Akwai kuma wani abu da yake ruɗa waɗanda suka ɗaura agogon auna matsi: bayan an buɗe hanyar hayaƙi sai su ga allura ta ɗan sauka, su zaci an yi asara, alhali agogon tirjiya yake aunawa, kuma saukarsa alama ce ta cewa iskar tana wucewa cikin sauƙi, ƙarfin bai ragu ba, wataƙila ma ya ƙaru.

Sai dai ina gargaɗin mai karatu tun da wuri, cewa yawancin motocin da ake kai wa masu walda domin a sauya musu salansa ba sauyi suke bukata ba, magani suke bukata. Motar da aka ƙera tsakanin 2000 da 2007, ta sha gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, ta ƙetare teku, ta sha ramukanmu, da wuya a ce hanyar hayaƙinta na nan yadda kamfani ya yi ta. Saboda haka a fara da bincike, da sassafe, inji na da sanyi. A tayar da mota a saurara: idan aka ji wani ƙas-ƙas daga gefen inji wanda yake raguwa in ƙarfe ya yi zafi, to manifol ne, mai tattara hayaƙi daga jikin inji, ya tsage ko gasket ya ƙone. A sa yaro ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, a bi mahaɗai da ido da tafin hannu ba tare da an taɓa ƙarfe ba, duk inda aka ji huci ko aka ga zanen baƙin kunkunniya, nan ne yoyo yake. Yoyon da ke gaban sensar da ke auna hayaƙi ya fi kowanne sharri, domin yana shigo da iskar waje, sensa ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa fetur ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara, sai mota ta kama shan mai ba dalili. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa babu mai bukatar a yi masa wa'azi a kan abin da wannan yake nufi ga aljihu. Bayan haka a kai ta wurin mai kwamfuta ya karanta abin da ƙwaƙwalwar ta rubuta.

Bakaniken kirki ana gane shi ne daga tambayarsa. Idan ka ce masa, "Malam, so nake a buɗe mata murya," shi kuma ya ce, "To Alhaji, bari tukuna mu ji me ke damunta, tana ja a hawa, ko tana nauyi? Wace hanya kake bi da ita, kwalta ko burji?" to ka zauna, ka samu mai sana'a. Wanda kuwa ya ɗauko abin yanka tun ba ka rufe baki ba, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Hanyar hayaƙi gaɓa-gaɓa ce. Daga jikin inji akwai manifol, wanda yake tattara hayaƙin kowace silinda. Sai sensa ta farko. Sai tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Sai sensa ta biyu. Sai ƙaramar tukunya ta tsakiya mai kashe gunji. Sai babbar tukunya ta baya, sai baki. Kowace gaɓa da nata hukunci, amma wadda ta fi kowacce jawo gardama, kuma aka fi cin amanar masu motoci a kanta, ita ce indomi.

Idan aka yanka wannan tukunya za a tarar da wani farin dutse mai sauƙin nauyi, mai dubban ƙananan ƙofofi a jere, wanda in lafiyarsa ƙalau, ka ɗaga shi ka saita da rana, sai ka ga haske ya ratso ta kowace ƙofa. An shafe cikin ƙofofin da ma'adinai uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda idan sun yi zafi suke juya gubar hayaƙi ta koma abin da cutarsa ta yi sauƙi. Wani injiniya haifaffen Faransa, Eugène Houdry, na cikin waɗanda suka fara aikinta, Amurka ta fara sa ta a yawancin motocinta daga 1975, Turai kuma ta wajabta ta a farkon shekarun 1990. Tsadar waɗannan ma'adinai ce ta sa ake cinikin dutsen har garinsa, ta kuma sa wasu marasa tsoron Allah suke gaya wa mai mota cewa abin nan na ƙasar sanyi ne, a nan shaƙe inji yake yi, su fasa su kwashe su sayar, su mayar da tukunya fanko su liƙe. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, ko da mai motar ya amince, matuƙar amincewar tasa a kan bayanin ƙarya aka gina ta. Wata motar ma tun kafin ta iso hannun mai saye an riga an kwashe, shi ya sa dubawa ta zama dole ranar ciniki.

Gaskiya ne indomi tana toshewa, kuma in ta toshe mota takan yi nauyi, ta kasa wuce tirela, ta ƙi hawan tudu. Amma a tabbatar kafin a yanke hukunci. Hanyar tabbatarwa ita ce a kwance sensa ta farko a ɗaura agogon matsi a gurbinta; ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce, idan inji na juyi 2,500 a minti allura ta haura 3 a ma'aunin psi, akwai toshewa. Idan aka bubbuga tukunyar da hannu tana da sanyi aka ji kacau-kacau, dutsen ya farfashe. Idan kwamfuta ta nuna lamba P0420, tana cewa ne tacewar ta yi rauni, ko da yake yoyo ko lalatacciyar sensa ma kan jawo wannan lambar. Sa'an nan a tuna cewa indomi ba ta cika mutuwa da kanta ba, kashe ta ake yi: fulogi ko kwayil da ya daina ba da wuta yana tura ɗanyen fetur ya je ya ƙone a cikinta har ta narke, injin da ke shan baƙin mai yana liƙe ƙofofinta, dutsen hanya yana fasa ta, haka nan faɗawa kududdufi da damina tana tsakiyar zafi. Wanda ya sa sabuwa bai kawar da sababin ba, zai sake saye. In ta mutu, zaɓi biyu ne na halal: ko a nemo ta asali mai lafiya a kasuwar Ƙofar Ruwa, a duba ta da hasken rana kafin a biya, ko a sayo irin mai faɗin ƙofofi, wadda take da ƙofa 200 zuwa 300 a kowane murabba'in inci a maimakon 400 zuwa 600 na kamfani, wadda ita ce ta dace da wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi. Cire ta gaba ɗaya yana kunna fitilar gargaɗi har abada, ta yadda ranar da wata cuta ta gaske ta zo ba za a gane ba, yana kuma sakin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini yake kamawa fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai wadda take kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta.

Sai maganar faɗin bututu, wadda lissafi ne ke raba gardamarta. Sararin cikin bututu ba ya ƙaruwa daidai da faɗinsa, ninkin faɗin a kansa yake bi: wanda ya tashi daga inci 2 ya koma 2.5 ya ƙara kashi 56 cikin 100, wanda ya koma inci 3 kuwa ya ninka sararin sau 2.25. Marsandi C180 Kompressor ta wancan zamani ƙarfin doki 143 gare ta, C200 tana da 163, C230 kuma ba ta kai 200 ba; ga irin waɗannan, bututu ɗaya mai inci 2.25 zuwa 2.5 ya wadatar har da rara, inci 3 kuwa sai ga injin da ya doshi doki 300. Range Rover Sport mai lita 4.2 tana da doki 390, mai lita 5 kuma 510, su layi biyu suke bukata, da mahaɗa a tsakani domin ɓangarorin injin biyu su daidaita. Akwai maganar da ta yaɗu a gareji cewa inji yana son a ɗan matse masa hayaƙi. Wannan ba haka ba ne, babu injin da yake amfana da tirjiya. Abin da ke faruwa shi ne, bututun da ya yi faɗi fiye da kima yana rage saurin hayaƙi ya sanyaya shi, kuma ko da yake inji mai kwamfaresa ya fi wanda ba shi da ita jure wannan, ba ya samun wata riba daga faɗin da ba ya cikawa, sai ƙarin ƙara, da ƙarin nauyi, da kusantar ƙasa. Kuɗin da aka kashe a nan israfi ne. Kuma a faɗi gaskiya, sauya abin da ke bayan indomi kaɗai a motar da ba a taɓa injinta ba, ƙarfin da yake ƙarawa kaɗan ne, wani lokaci sai na'ura ce za ta gane shi, ƙafar direba ba za ta ji ba.

Abin da ya fi faɗi muhimmanci, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne lanƙwasa. Bututun inci 2.5 da aka tanƙwara da ƙarfin tsiya har gwiwarsa ta motse ya koma inci 2 ko ƙasa da haka a wannan gwiwar, kuma hanya duka hukuncin mafi ƙuncinta take ɗauka. A masana'anta ana zura wani ƙarfe a cikin bututu lokacin lanƙwasawa don kada ya motse, irin waɗannan gwiwoyi ana sayar da su a yanke, kuma su suka fi dacewa a saya a harhaɗa. Inda babu su, tsofaffin masu walda suna da hikimarsu, wadda ta cancanci a tsaya a kalla: sai a samo yashin rafi a tankaɗe, a soya shi a kan faifan ƙarfe har danshinsa ya fita sarai, domin yashi mai laima in ya ji wuta tururinsa na iya fasa bututu ya raunata mutum, a toshe ƙarshen bututu da katako, a tsayar da shi, a riƙa ɗura yashi ana ƙwanƙwasa jikinsa da guduma har sautin ya daina amo ya koma dum, a toshe ɗaya bakin, a gasa wurin gwiwar har ya yi ja, sa'an nan a ja shi sannu a hankali a jikin wani abu mai da'ira. Gwiwar da aka yi haka takan fito sumul. Aiki ne mai cin lokaci, wanda ya yi maka shi ka biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Game da ƙarfe, baƙin ƙarfe ya fi araha, kuma a ƙasarmu mai ƙarancin laima yana daɗewa fiye da yadda zai yi a Legas ko Fatakwal, sai dai motar da ba ta yin doguwar tafiya ruwa yana taruwa a tukunyarta ya cinye ta daga ciki. Ƙarfe marar tsatsa iri biyu ne a wannan sana'a: mai lamba 409, wanda yawancin kamfanoni ke amfani da shi, fuskarsa takan yi ja amma ba ya hujewa da wuri, da mai lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, wanda ya fi tsada ya fi ƙarko. Mai saye ya tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu: yana kama 409 da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama 304 sai ɗan abin da ba a rasa ba a wurin lanƙwasa. Wannan gwaji kaɗai ya isa ya tona asirin baƙin ƙarfen da aka shafe da ƙyalli, aka buga masa sunan Borla ko Remus ko Akrapovič, ana sayarwa da kuɗin da bai kai na dakon na gaskiya ba.

Yanzu sai tukunyar baya, wadda ita ce ma'abuciyar murya, kuma a nan ne nake so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa. Iri uku ne aka fi samu. Akwai ta kamfani, mai ɗakuna da bututu a ciki waɗanda hayaƙi yake zagayawa, ita ta fi shiru ta fi tirjiya. Akwai mai shamaki, wadda take karya sauti da faifan ƙarfe, muryarta kaushi gare ta. Akwai kuma miƙaƙƙiya, bututu ne mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi, ita ta fi sakin hayaƙi, kuma idan jikinta na da girma da tsawo tana iya yin shiru ƙwarai. Wannan ta ƙarshe, babba, tare da barin tukunyar tsakiya a wurinta, ita ce shawarata ga mota mai kwamfaresa. Kada a yarda a cire ta tsakiya, domin ita ce mai kashe gunjin nan da yake cika cikin mota idan inji na wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, wanda shi ne daidai gudun da ake yi daga Kano zuwa Daura. Wanda ya cire ta zai ji daɗin minti 10 na farko, sa'an nan ya isa da ciwon kai, iyalinsa a baya ba sa jin maganar juna. Ma'aunin ƙara desibel ne, ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka, kuma wanda ya daɗe cikin abin da ya haura 85 jinsa yana raguwa, raguwar da ba ta dawowa.

Ƙasar nan tamu ta arewacin Kano ba daji ba ce. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarinta tun shekarun 1960, abin da ya ja hankalinsa kuwa shi ne yadda gona take manne da gona, ana nome ta kowace shekara da taki ba hutu, gida yana hango gida. A irin wannan wuri, daga Minjibir zuwa Makoɗa zuwa Kunci, babu inda mutum zai taka totur a ce babu kunnen da ya ji: ga masallaci a bakin hanya ana sahu, ga almajirai a tsangaya, ga mai jego, ga tsohon da bai samu barci ba sai gab da asuba, ga shanun huɗa ɗaure da amalanke da yaro ɗan shekara 10 a kai, waɗanda in suka firgita babu mai riƙe su. Malamanmu na fiƙihu sun zaunar da ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi, kuma kauce wa ɓarna yana gaba da jawo amfani. To ina ga abin da cutarsa tabbas ce, amfaninsa kuwa mun riga mun nuna ba ya cikin ƙarar? Hukuma ma ba ta yi shiru ba, gama hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da dokokin kayyade ƙara a 2009, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuma tana kama motar da ke fitar da hayaƙi mai yawa. Amma hakkin maƙwabci ya riga waɗannan duka, kuma shi ba a biyan tararsa a ofis.

Sharaɗi na gaba shi ne tazara daga ƙasa. Marsandi da ma gajeriya ce, hanyoyinmu na burji kuwa da damina taya takan haƙa rami biyu ta bar tudu a tsakiya, ga tudun rage gudu a mashigar kowane gari. Saboda haka kada wani sashe na sabuwar salansa ya sauko ƙasa da inda tsohuwar take, ko da yatsa ɗaya, a kuma rataye ta da robobi a gurabensu na asali, kada a yi mata walda da jikin mota, domin inji yana motsi, ƙarfe kuma yana miƙewa in ya yi zafi, abin da aka ɗaure tamau tsagewa yake yi. Faifan da ke kare zafi tsakanin salansa da tankin mai da ƙasan mota a mayar da shi, ko da ya zama sai an yi sabo. Indomi tana cikakken aiki ne daga zafin digiri 400 zuwa sama, har ta kan kai 800, busasshen kara da harawa da ƙaiƙayi kuwa ba sa jiran zafin da ya kai haka. Don haka daga kaka har ƙarshen bazara kada a ajiye motar da ta sha tafiya a kan ciyawa, ko a masussuka, ko a gindin danni kusa da rumbu, a nemi fili mai ƙasa tsura.

Manifol mai dogayen bututu yana da amfani na gaske ga inji mai kwamfaresa, haka nan rage girman fulin da ke jikin kwamfaresar yana ƙara matsi, amma waɗannan biyu ba a yin su sai tare da wanda zai sake daidaita ƙwaƙwalwar mota da na'urar auna cakuɗar iska da fetur. Kamfani ya ƙera injin ne domin fetur mai oktan 95, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, man da ake saye a galan a bakin hanya kuma babu mai shaidar abin da ke cikinsa. Ƙarin matsi a kan wannan hali yana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa ya huda fistin. Wanda ba shi da amintaccen gidan mai da ƙwararren mai daidaitawa, ya tsaya a bayan manifol.

Ranar aiki mai mota ya zauna a wurin da kansa. A cire kan batir kafin a kunna walda ta lantarki, a maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake aiki, domin wutar walda tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota, wadda kuɗinta ya fi na salansar; a kwance sensa da sifanar da ta dace, kada a murɗe wayarta, kada a taɓa kanta da man shafawa. Ƙarfe marar tsatsa da sandar waldarsa ake haɗa shi, in da hali da walda ta iskar agon, in ba haka ba mahaɗar ce za ta fara ruɓewa. A sa sababbin gasket, a jera dukan sassa a sassauce daga gaba zuwa baya, a tabbatar da tazarar yatsa biyu tsakaninsu da jikin mota da wayoyi da bututun burki, sa'an nan a ɗaure. Bakin salansa ya leƙo bayan bamba, kada ya tsaya a ƙarƙashin but, don kada hayaƙi ya komo ciki lokacin da aka rufe gilashi. Tsofaffin sassa, musamman indomi ko da ta farfashe, dukiyar mai mota ce, a saka masa su a but. In sayarwa za a yi, shi zai sayar. Bayan an gama a sake gwajin tsumma, a share lambobin da ke ƙwaƙwalwa, a hau kwalta a bi kowane mataki na gudu ana saurare da gilashi a rufe, a cika tanki a rubuta lambar kilomita domin a gwada shan mai da na da. Idan an yi mako guda ana hawa, ƙarfe ya sha zafi da sanyi ya zauna, a koma gareji da safe a sake bin notuna da sifana, a duba robobi, a duba ko wani wuri ya fara gogar jikin mota.